Tsakanin shigar alat da isowar kaya: wa ke ɗaukar asarar cinikin intanet?

Da wuya ka leƙa shafin mai sayar da kaya a Instagram, ko ka bi sitatus ɗin masu atamfa da abaya da takalma a WhatsApp, ba ka ci karo da wannan gargaɗin ba: kayan da aka saya ba a dawowa da su, kuɗin da aka biya ba a mayarwa. Wasu da manyan baƙaƙe suke rubutawa, wasu su ƙara da "don Allah a duba da kyau kafin a biya." Ana iya ɗaukar wannan a matsayin son zuciya, amma ni ban ɗauke shi haka ba. Yawancin masu rubuta shi sai da aka cuce su suka rubuta, kuma jarin da yawa daga cikinsu bai kai ya jure dawowar kaya biyu a mako guda ba. Sai dai gargaɗin ba ya kare su yadda suke zato. Doka ba ta san da shi ba, fiƙihun da muke bi bai san da shi ba, banki ma in rigima ta kai gabansa ba zai tsaya karanta shi ba.

A Kantin Kwari mai saye yana warware turmi ya shafa, ya fito da shi bakin ƙofa ya duba launin a hasken rana, ya yi tayi a ce albarka, ya ƙara a sallama. Kuɗi da kaya a lokaci guda suke sauya hannu. Intanet ta raba su. Yanzu akwai kwana biyu ko biyar ko goma tsakanin fitar kuɗi da isowar kaya, kuma a cikin kwanakin nan dole ne ɗaya daga cikin mutum biyun ya zauna ba kuɗi ba kaya a hannunsa. Dawo da kaya, da rigimar biya, da la'adar da ake yanka, duk daga wannan tazarar suka fito. Shi ya sa kafin a tambayi wa ke da gaskiya, gara a tambayi a hannun wa kuɗin yake, don wanda ke riƙe da shi ne ke yanke hukunci.

A manyan dandamali irin Jumia da Konga, waɗanda dukansu aka kafa a Legas a 2012, kamfanin ne ke riƙe kuɗin. Mai saye ya biya kamfani, mai kaya ya kai kayansa wurin ajiya, kamfani ya isar, ya zare nasa, sannan ya tura wa mai kaya abin da ya rage a ranar da tsarinsa ya tsayar. A Jiji, wanda ya haɗiye OLX ta Najeriya a 2019, ba haka abin yake ba. Shi allon talla ne, ya haɗa ku ya koma gefe, kuɗinsa yana samu ne daga masu biya don a ɗaga tallarsu sama. WhatsApp da Instagram da Facebook da TikTok, inda mafi yawan masu ƙananan sana'o'inmu suke, musamman matan da ke ciniki daga ɗakunansu, su ma babu mai riƙe amana a tsakani. A nan ko dai kwastoma ta fara turo kuɗi ta zauna tana addu'a, ko mai kaya ta fara aikawa ta zauna tana addu'a.

Hanyar da ta fi jan hankalin masu saye ita ce a kawo kaya sannan a biya. Da ita manyan kamfanonin suka shawo kan 'yan Najeriya a shekarun farko, lokacin da ba wanda ya yarda ya saka lambar katinsa a intanet. Amma duk nauyinta a kan mai kaya yake. Ɗan aike ya ƙone mai ya je har ƙofar gida, ya kira waya ba a ɗauka, ko a ɗauka a ce "wallahi Anti na yi tafiya," ko "maigidan bai ba da kuɗin ba tukuna," ko kuma a fito a ɗaga kayan a juya a ce ba haka aka zata ba. Kuɗin zuwa da na dawowa duk sun hau kan mai kaya, ga kayan sun yi kwanaki a hanya alhali wataƙila wata ta tambaya an ce mata sun ƙare. Akwai haɗarin da ya wuce na kuɗi. A watan Maris na 2017 aka kashe wani ɗan aike a Fatakwal bayan ya kai wayoyin da aka yi oda ta Jumia da sharaɗin sai an kawo za a biya. A ƙarshen shekarar Konga ya dakatar da tsarin, yana kuka da yawan odar da ake fasawa, amma bayan Zinox ya sayi kamfanin a 2018 sai tsarin ya dawo, saboda masu saye ba su daina tsoron biya kafin su gani ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, kowace tafiyar banza ta ƙara tsada. Shi ya sa masu kaya da yawa yanzu suke cewa a fara turo kuɗin kai kaya, ko a ba da kafin alƙalami, sauran in an isa. A ganina wannan adalci ne. Wanda bai iya saka Naira dubu biyu a kan odarsa ba, da wuya in da gaske yake.

Maganar la'ada kuwa sai da lissafi. Bari mu ƙaddara misali, alƙaluman nawa ne don a fahimta, tunda kowane dandamali da nasa kason kuma yana bambanta daga waya zuwa tufafi zuwa kayan kwalliya. A ce mace ta saro abaya a kan Naira 20,000, ta saka ta a 27,000. A idonta ribar 7,000 ce. Dandamali ya yanki kashi 10 cikin 100, wato 2,700. Harajin VAT na kashi 7.5 a kan la'adar ya ci kusan 200. Leda da kwali da salatif da kuɗin adaidaita zuwa wurin ajiye kaya, a ce 800. Abin da ya rage mata riba 3,300 ne, ƙasa da rabin abin da ta ƙirga tun farko. To a ce abaya ɗaya ta dawo da tabon jan baki a wuya, ba ta sake sayuwa. Uwar kuɗi da ɗawainiya sun tafi, 20,800 ke nan, wato ribar abaya shida da ɗoriya. Mai sayar da guda ashirin a wata, dawowar guda ɗaya irin wannan ta cinye mata kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar watan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne da yawa ba sa yin wannan lissafin sai ƙarshen wata, in suka ga ciniki ya yi yawa amma jari ya ragu. Farashin da ba a saka asarar dawowar kaya a cikinsa ba, farashin faɗuwa ne ko da kuwa yana kama da riba. Manyan kamfanonin ƙetare sun san da wannan tun tuni. In ka ga Amazon ko Temu, wanda ya shigo kasuwar Najeriya a ƙarshen 2024, ya mayar wa mai saye kuɗin ƙaramin kaya ya ce ya riƙe kayan ma, ba kyauta ba ce. Sun auna sun ga kuɗin dawo da shi ya fi darajarsa, kuma sun riga sun baza asarar a kan miliyoyin oda. Illar ita ce kwastoman da ya saba da wannan yana zuwa da irin tsammanin wurin matar da duka jarinta bai kai Naira dubu ɗari uku ba.

Akwai wata la'adar da ba a rubuta ta a ko'ina, ita ce jira. Kwanakin da kuɗin mai kaya ke yi a hannun dandamali kafin a sako shi, kwanaki ne da jarinsa ba ya juyawa. A lokacin da kasuwa ke zaune lafiya wannan ƙaramin abu ne. Amma daga watan Yunin 2023, da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. A watannin nan mutum kan sayar da waya da riba, kafin kuɗin ya iso hannunsa ya koma kasuwa ya tarar ba zai sayo masa irinta ba.

Wannan ne ya sa masu kaya da yawa suke guje wa manyan dandamali su tsaya a WhatsApp, suna ganin sun tsira daga la'ada. Sun rage ta dai, ba su tsira ba. Akwai kuɗin data, akwai kuɗin talla da ake biyan masu mabiya da yawa don su ɗora kaya a shafinsu, wanda ko an yi ciniki ko ba a yi ba ya tafi. Wanda ya buɗe hanyar karɓar kuɗi da kati ta Paystack, tsarin da kamfanin ya daɗe a kai shi ne kashi 1.5 da ƙarin Naira 100, ba ya wuce 2,000 komai yawan kuɗin. A kan abayar 27,000 Naira 505 ke nan. Har ƙarshen 2025 kuma akwai harajin Naira 50 da gwamnati ta ɗora wa mai karɓar tiransifar 10,000 zuwa sama, wanda daga Disambar 2024 ya haɗa har da OPay da PalmPay da Moniepoint. Kowanne ƙarami ne, taruwarsu ce ke ciwo. Babban abin da mai WhatsApp ya rasa kuma shi ne baƙon kwastoma. Mutumin Bauchi da bai san ka ba zai iya biya ta dandamali saboda ya san akwai inda zai kai ƙara, amma kafin ya turo kuɗi asusunka kai tsaye sai ya nemi wanda ya san ka. La'adar nan kuɗin yardar da dandamali ya ara maka ne. Tana iya yin tsada, kuma wani lokacin tana yi, amma ba a banza ake karɓarta ba.

Dawo da kaya shi ne inda zuciya ta fi ɓaci, kuma laifin bai tsaya a gefe ɗaya ba. A fara da masu kaya. Akwai mai ɗaukar hoton atamfa da fitila mai haske ta ƙara masa kwalliyar waya har ruwan toka ya koma shuɗi. Akwai mai ɗora hoton da ta kwafo daga shafin kamfanin Dubai ko Turkiyya, alhali abin da ke hannunta kwaikwayo ne. Akwai mai cewa shadda Getzner ce ya san ba ita ba ce, da mai sayar da waya ta hannu ya ɓoye cewa an canja mata gilashi. Hotunan da ake yaɗawa na "abin da na yi oda da abin da aka kawo mini" ba daga sama suka faɗo ba. Irin wannan cinikin biri a sama ne, kuma mai kayan ne ya ɗora birin. In ya dawo ya fake da "ba ma karɓar kaya," zalunci ya yi sau biyu.

Sai masu saye. Duk mai sayar da kayan mata ya san mako mai biki. A karɓi doguwar riga ranar Alhamis, ranar Litinin a kira a ce ta yi kaɗan. Ka buɗe leda ƙamshin turaren wuta ya buge ka, ka duba hammata ka ga alamar gumi, ka duba ƙasan rigar ka ga ƙura, takardar jikinta kuma an cire an mayar da allura da zare. Masu waya a kasuwar Farm Centre ta Kano suna da nasu labarin: a dawo da wayar da ba ita aka sayar ba, ko a buɗe a zare batiri mai kyau a saka matacce. Akwai kuma wadda ba ta yi niyyar cuta ba, kawai ta yi odar abaya lamba 54 alhali tsawonta na 58 ne, ko ƙawarta ta kushe launin, ko ta ga irinta da arha a wani shafin. Ita ma so take a karɓa, kuma a mayar mata har kuɗin kai kaya.

Doka ta raba waɗannan. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta haifar da hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa in suna da aibi, ko in bai samu damar dubawa kafin a kawo ba sannan ya tarar sun saɓa wa yadda aka siffanta, matuƙar ya yi hakan cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Hukumar ta sha faɗin cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" ba ya soke wannan haƙƙin. A ƙasashen Tarayyar Turai an wuce nan, mai saye ta intanet yana da kwana 14 ya fasa ko babu dalili. Tamu dokar ta fi karkata ga aibi da saɓa wa siffa, manyan dandamali ne ke ƙara nasu wa'adin, kamar kwana 7 da Jumia ke bayarwa a kan yawancin kaya.

Abin da ya kamata ya fi taɓa mu shi ne malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan mas'alar, tun zamanin da fatake ke sayar da kayan da ke wani gari. Sun halatta sayar da abin da ba ya gaban ido bisa siffantawa. In kaya suka zo yadda aka faɗa, ciniki ya tabbata, mai saye ba shi da ta cewa. In suka saɓa, zaɓi na hannunsa. In aka samu tsohon aibin da ba a bayyana ba, yana da damar mayarwa. Wanda kuma ya yi nadama kawai ba tare da wani aibi ba, karɓa daga gare shi iƙala ce, alheri ne mai lada, amma ba tilas ba. Wannan rabon ya fi gargaɗin sitatus adalci, kuma ya fi kare mai kaya, don ya ba shi ƙafar tsayawa a gaban mai rigar biki. Da mai kaya za ta rubuta cewa tana karɓar abin da ya zo da aibi ko ya saɓa wa hoto cikin kwana biyu, a kuɗinta, tana yin canji ga wadda ta yi kuskuren lamba in za ta biya kuɗin mota, ba ta karɓar yadin da aka yanka ko turare da humra da aka buɗe ko rigar da aka saka, da ta fi samun kwanciyar hankali, kuma da baƙi sun fi sakin jiki da ita.

Ƙa'ida ba ta aiki sai da hujja, kuma a nan ne ƙwararrun masu kaya suka bambanta. Za ka ga mace ta shimfiɗa atamfa a tsakar gida da hantsi ta ɗauki bidiyo ba tare da wata kwalliya ba, ta ɗora awo a kai a ga yadi shida ne cif, ta tura ta ce, "Hajiya, ga shi a hasken rana, in ya yi miki ki rubuto mini ya yi." Wannan "ya yi" ɗin da aka rubuta shi take ajiyewa. Wajen ɗaure kaya ma bidiyo ne, daga naɗewa har manna suna a kwali. Mai waya yana danna *#06# ya ɗauki hoton lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ya rubuta ta a rasit, ya nuna lafiyar batiri a gaban kyamara. Wasu suna sharɗanta wa kwastoma ya ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwali. A manyan dandamali wannan ya fi zama dole, don mai duba ƙorafi a can bai san ka ba, bai san kwastoman ba, kuma kamfani ya fi tsoron rasa mai saye a kan ɓata wa mai kaya rai, tunda masu kaya suna da yawa. Ina ganin wannan karkatar ta yi yawa a wasu lokutan, musamman inda ake mayar da kuɗi kafin mai kaya ya ga halin da kayansa suka dawo. Amma muddin haka tsarin yake, wanda ba shi da hoto ya riga ya faɗi.

Rigimar biya ta fi dawo da kaya haɗari, don a nan har asusun mutum kan iya shiga matsala. Mafi sauƙinta alat na bogi: saƙon tes mai kama da na banki, ko hoton rasit da aka gyara. Maganinsa sananne ne, ba a sakin kaya sai an buɗe manhaja an ga kuɗin ya hau kan abin da ke asusu. 'Yan damfara sun san da haka, shi ya sa suke zuwa da gaggawa: "Alhaji mota za ta tashi, ga rasit nan, netwok ne." Abin da ke rikita lamarin shi ne wani lokacin da gaske netwok ɗin ne. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da ƙarancin takardun Naira, kowa ya koma tiransifa, hanyoyin bankuna suka cushe, aka riƙa cire kuɗi daga asusun mai saye ba su isa na mai kaya ba. A irin wannan kowa na da gaskiya. Abin yi shi ne mai turawa ya kai wa bankinsa doguwar lambar shaidar da ke jikin rasit a bi sawu, kaya kuma su jira. Ga cinikin POS da na intanet da ya maƙale, Babban Bankin Najeriya tun watan Yunin 2020 ya tsayar wa bankuna awa 72 su warware. Wanda bankinsa ya wuce mako biyu bai share masa hawaye ba yana iya kai ƙorafi sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin.

Biya da kati yana da nasa sirrin da masu kaya da yawa ba su sani ba sai ya faɗa musu. Mai kati yana da damar zuwa bankinsa ya ce bai san da wannan cirar ba, ko ya biya ba a kawo masa kaya ba, kuma a tsarin Visa da Mastercard wannan damar kan kai kwana 120. Bankin zai bi ta kamfanin da ya karɓi kuɗin, shi kuma ya aiko wa mai kaya saƙo ya kawo hujja cikin ɗan gajeren lokaci. In ya kawo shaidar isar da kaya da hirar da aka yi, yana iya tsira. In bai ga saƙon ba, ko ya gani ya yi shiru, za a zare kuɗin daga cinikinsa na gaba, wata uku bayan ya manta da maganar. An yi tsarin ne don kare wanda aka sace wa kati, kuma yana da amfani, amma marasa tsoron Allah suna amfani da shi su ci kaya su ci kuɗi. Tiransifa ba ta da wannan ƙofar, shi ya sa masu kaya suka fi son ta, shi ya sa kuma mai saye da ya tura wa ɗan damfara kuɗi yake shan wahala kafin ya ga ko kwabo.

Akwai wata damfarar mai kusurwa uku da ya kamata kowane mai kaya ya fahimce ta. Ɗan damfara ya kwashi hotunan kayanki ya buɗe shafi, ya karya farashi. Wata baiwar Allah ta gani ta yi oda a wurinsa. Shi kuma ya zo wurinki a matsayin kwastoma ya yi odar kaya na daidai wannan kuɗin, ya karɓi lambar asusunki ya tura mata. Ta biya, alat na gaske ya shigo miki, kika aika masa kaya. Bayan kwana uku ba ta ga komai ba, shafin ya ɓace, abin da ke hannunta kawai sunanki da lambar asusunki. Ta kai ƙara banki ko wurin 'yan sanda, aka sa wa asusunki takunkumi, kuɗi na shiga ba ya fita, jarinki duka a ciki. Ke ba ki cuci kowa ba, ita ma ba ta yi ƙarya ba. Alamar da ke tona wannan tun da wuri ita ce sunan da ya turo kuɗi ya bambanta da na mai oda. Gaskiya ne a wurinmu miji kan biya wa mata, ɗa kan biya wa uwa, wata ta je wurin mai POS ta tura. Duk da haka tambaya ba ta ɓata ciniki: wa ya turo, mene ne haɗinku, a ba ni lambarsa mu gaisa. Haka nan wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, a mayar masa da ragowar ta wani asusun daban, kada a yi. Kuɗi ta inda ya shigo ta nan yake komawa.

Sai tasha, wadda har yanzu ita ce babbar hanyar aika kaya daga Kano zuwa Maiduguri, Sakkwato, Yola, Abuja da Legas. Ka kai kwali, ka rubuta suna da lambar waya da alƙalamin maka, ka biya ɗan kamasho, ka karɓi lambar direba ka tura wa kwastoma. Tana da arha da sauri, amma galibi ba rasit, ba inshora. In ruwa ya jiƙa kaya, ko aka ɗora buhu a kan kwalin turare, ko aka sauke a garin da ba shi ba, mai kaya ya ce ai na ba direba, mai saye ya ce ai ban karɓa ba. A fiƙihun Malikiyya asali kayan da aka sayar bisa siffa suna wuyan mai sayarwa har su shiga hannun mai saye, sai in an yi sharaɗin akasin haka. Don haka maganar da ya kamata a gama kafin mota ta tashi ita ce wa ya zaɓi hanyar, kuma wa ya ɗauki haɗarinta. Masu aikawa Maraɗi da Damagaram da Yamai suna da ƙarin nauyi. Iyaka kan rufe, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya su maƙale. In aka zo mayar da kuɗi sai a fara sabuwar gardama: an biya da sefa, canji ya motsa, da farashin ranar biya za a mayar ko da na yau?

In sulhu ya gagara tsakanin mutum biyu, akwai wuraren zuwa. Shugabannin kasuwa suna sasanta nasu, a Kano mutane kan je Hisba, jihar tana da hukumar kare haƙƙin masu saye, ga FCCPC a tarayya. Akwai kotunan ƙananan da'awa da Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo a 2019, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Sai dai duk waɗannan sun fi aiki in mutanen biyu gari ɗaya suke. Ba wanda zai taso daga Jalingo zuwa Kano a kan rigar 27,000, kuɗin motar ya fi kuɗin rigar, kuma macuta daga ɓangarorin biyu da wannan suke taƙama.

Giɓin da ya rage shi ne amintacce na tsakiya ga masu ciniki a WhatsApp da Instagram, wanda zai riƙe kuɗin har kaya su isa a duba sannan ya saki. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aikin dillali da fatoma ke nan a kasuwannin shanu da na goro tun da daɗewa, kuma la'ada suke karɓa a kai. Wasu ƙananan kamfanoni sun gwada yin sa ta manhaja, wasu ƙungiyoyin mata 'yan kasuwa kuma suna sa shugabar zaurensu ta riƙe kuɗin in baƙuwa ce ke saye. Abin da ke hana shi yaɗuwa abu biyu ne. Mai kaya ba ta son jarinta ya kwana uku a hannun wani alhali dila na jiran kuɗinsa a kasuwa, sannan har yanzu ba a daidaita a kan wanda zai biya ladan mai riƙon ba: mai saye na ganin aikin mai kaya ne ta tabbatar da gaskiyarta, mai kaya na ganin wanda ke tsoro shi ya kamata ya biya.